Tsare tseren dawaki daga cin hanci da zambar caca: tambayoyi da amsoshi

Tseren dawaki yana rayuwa ne a kan abu ɗaya: kafin a saki dawaki, babu wanda ya san wanda zai zo na ɗaya. Ranar da wani ya riga ya sani, domin ya saya ko ya shirya, an cuci mai doki da ya kashe dukiyarsa, an cuci ɗan kallo, an cuci wanda ya zuba kuɗinsa, shi kuma dokin da jikinsa yake biya. Ga tambayoyin da aka fi yi game da yadda ake magudin da yadda ake tare shi.

Wace irin zamba aka fi yi a tsere?

Yawancin mutane suna zaton babbar zamba ita ce a sa doki ya ci. Ana yin ta, amma tana da wuya, domin ko ka ɗura wa dokinka magani akwai sauran dawaki goma a fili waɗanda ba su san da shirinka ba. Sa doki ya faɗi kuwa, mutum ɗaya ya isa. Mahayi ya ɗan makara wajen tashi, ko ya cusa dokin bayan wasu inda babu hanyar fita, ko ya ƙone masa ƙarfi tun a farkon zagaye, ko ya ɗaga bulala yana kaɗawa alhali hannunsa na riƙe da linzami tam. Ɗan kallo zai ce ranar ce ba tasa ba. Shi ya sa masu binciken tsere suka fi jin tsoron dokin da aka tsayar fiye da dokin da aka tunzura.

Bayan wannan akwai ba doki ƙwaya, da musanya doki da wani mai kama da shi, da sayar da sirrin barga ga 'yan caca, da taɓa na'urorin da ke karɓar caca.

Ta yaya mutum zai ci kuɗi daga faɗuwar doki?

A da, dillalin caca ne kaɗai ke cin riba kai tsaye idan dokin da jama'a suka raja'a a kansa ya faɗi, don haka zargi yakan koma kansu. Abin ya daɗe: a 1812 aka rataye Daniel Dawson a Cambridge saboda zuba guba a kwamin shan ruwan dawaki a Newmarket, garin tseren dawaki a Ingila.

Abin da ya canza lissafi shi ne kasuwar musayar caca ta intanet. Tun da kamfanin Betfair ya buɗe a shekarar 2000, kowa yana iya zama dillali daga wayarsa, ya karɓi cacar wani, wato ya tsaya a kan cewa doki kaza ba zai ci ba. Wanda ya san cewa dokin ya kwana da tari, ko ya san mahayin ya karɓi na goro, kuɗi ne yake ɗiba ba tare da fargaba ba. Sai dai wannan kasuwar tana da wani amfani da tsohuwar caca ta tsabar kuɗi ba ta da shi: kowane asusu yana da suna, kowace caca tana da lokacinta har zuwa daƙiƙa. A 2003 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar ba hukumar tseren Birtaniya bayanan asusun da ake zargi, kuma daga nan manyan shari'o'i da dama suka samo tushe.

Idan mahayi ya ƙware wajen ɓoye abin da ya yi, ta ina za a gane?

Ta sawun kuɗi, galibi. Hoton bidiyo shi kaɗai ba ya cika isa, domin mahayi zai ce dokin ne ya ƙi tafiya, kuma wani lokaci gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya iya musantawa shi ne jerin abubuwa da suka dace da juna. Asusun da bai saba wuce caca ƙarama ba, rana ɗaya ya zuba ninkinta ɗari a kan cewa doki ɗaya zai faɗi. Aka duba baya, aka ga duk lokacin da asusun ya yi irin wannan, mahayi ɗaya ne a kan sirdi. Aka nemi bayanan waya, aka ga mahayin da mai asusun sun yi magana da safe, ko sun yi ta bakin wani na uku. Sannan a dawo kan bidiyo, daga kyamarar gaba da ta gefe da ta baya, a kwatanta hawan ranar da yadda ya saba hawa.

Alƙalan tsere suna da ikon kiran mahayi da mai horarwa nan take su yi bayani, a rubuta abin da suka ce kafin su samu damar haɗa baki. Manyan hukumomi kuma suna da ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne su zura wa farashin caca ido yayin da yake motsi, su kira alƙalan fili kafin a saki dawaki idan sun ga abin da bai kwanta musu ba. A 2011 irin wannan haɗakar hujjoji ta sa hukumar Birtaniya ta kori mahaya biyu na shekara 12 kowanne, tare da masu dawakin da ke bayan shirin.

Me ya sa ba a cika ɗaure masu laifin a kotu ba?

Domin kotun laifi tana son hujjar da ba ta bar shakka ba, kuma tabbatar da abin da ke cikin zuciyar mahayi a cikin minti biyu na gudu abu ne mai wuya. Babban misali shi ne shari'ar Kieren Fallon, zakaran mahayan Birtaniya sau 6, a kotun Old Bailey ta Landan. Bayan shekaru ana bincike kan tsere 27, a Disamba 2007 alƙali ya ce babu tuhumar da za a amsa, aka sallame shi da sauran. Ƙwararren da masu gabatar da ƙara suka kawo daga Ostireliya ya amsa da bakinsa cewa bai ƙware a dokokin tseren Birtaniya ba.

Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta mai da magudi a caca laifi mai ɗaurin da zai kai shekara 2. Duk da haka mafi yawan hukunci daga kwamitin ladabtarwa na hukumar tsere yake fitowa, inda ya isa a nuna cewa abin ya fi kusa da ya faru. Hukuncin shi ne ƙwace lasisi da hana mutum taka filin tsere ko barga. Ga wanda bai san wata sana'a ba sai doki, wannan ba ƙaramin horo ba ne, kuma saboda haka ne ya kamata a ba wanda ake zargi lauya da damar ɗaukaka ƙara, kar sauƙin hujja ya zama sauƙin zalunci.

Da gaske ana iya musanya doki ba a gane ba?

An yi, har a tsere mafi girma. A gasar Derby ta Epsom ta 1844, wadda ta dawaki 'yan shekara 3 ce, dokin da ya ci da sunan Running Rein ashe Maccabeus ne, ɗan shekara 4. Sai da aka je kotu aka mayar wa Orlando, dokin da ya zo na biyu, da nasarar. A 1982 a Leicester, wani doki da aka kira Flockton Grey ya ci tseren 'yan shekara 2 da tazarar tsawon doki 20. Tazarar ce ta tona asiri, domin babu ɗan shekara 2 da ba a san shi ba da zai yi haka. Hoton da aka ɗauka bakinsa a buɗe ya nuna haƙoran doki ɗan shekara 3, aka gano sunansa Good Hand.

Wanda aka fi tunawa shi ne na doki Fine Cotton, ranar 18 ga Agusta 1984 a filin Eagle Farm na Brisbane a Ostireliya. Dokin da aka sayo don musanyar ya ji rauni, sai masu shirin suka sayi wani, Bold Personality, wanda ko launinsu bai zo ɗaya ba. Suka shafe shi da maganin rina gashi, suka yi masa fararen ƙafafu da fenti. Kuɗin da aka zuba a kansa ya sauko da ninkin biya, wato sau nawa za a ninka wa mai caca kuɗinsa idan dokin ya ci, daga 33 zuwa uku da rabi, abin da ya isa ya ta da hankalin kowa. Ya ci da ƙyar, fenti na zuba a ƙafafunsa, jama'a na ihu. Aka soke nasarar kafin a biya ko sisi, wasu kuma suka tafi gidan yari.

Yau kowane doki na tsere yana da fasfo mai zanen alamominsa, da gwajin ƙwayoyin halitta da ke tabbatar da uwa da uba, da ɗan guntun na'ura da ake dasawa a wuyansa, wanda Birtaniya da Ayilan suka wajabta tun 1999. Amma na'ura ba ta aiki sai an ɗora mata abin karantawa. A 2017 a Yarmouth wani mai horarwa ya ɗaura wa goɗiyar da ba ita ba sirdi bisa kuskure, ta ci tsere a ninki 50, ba a gane ba sai da aka karanta wuyanta bayan an gama. Daga nan aka ƙara matakin tantancewa kafin doki ya fita fili.

Ƙwayoyi fa? Ba gwajin fitsari ne ke kama su ba?

Yana kama da yawa. Ana ɗibar fitsari da jini daga dokin da ya ci da wasu da alƙalai suka zaɓa, a raba samfurin gida biyu, a rufe da hatimi, a aika ɗakin gwaji da lamba maimakon suna. Magungunan iri-iri ne: masu gina tsoka, masu ƙara jajayen ƙwayoyin jini, masu kashe zafi don doki mai ciwo ya yi gudu, da masu kasala don a tsayar da shi. Akwai kuma haɗin kanwar burodi da ake ɗura wa doki ta hanci don ya jinkirta gajiya. A 2012 a Amurka aka gano wani maganin kashe zafi mai asali daga fatar kwaɗon Kudancin Amurka a jikin dawaki da dama.

Maganin kashe zafi shi ne mafi muni a ganina. Ciwo ne ke gaya wa doki ya rage gudu. Idan aka toshe shi, ƙashin da ya fara tsagewa yana karyewa a tsakiyar gudu, doki ya kife, mahayi ya bi shi ƙasa, na baya su yi tuntuɓe a kansu.

Amma gwaji yana ganin abin da aka koya masa nema ne kawai. A Maris 2020 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi mutum 27, masu horarwa da likitocin dabbobi da dillalan magani, kan magungunan da aka haɗa musamman don kar gwaji ya gan su. Ba ɗakin gwaji ne ya kama su ba, sauraron wayoyinsu da hukumar FBI ta yi ne. Mai horarwa Jorge Navarro ya samu ɗaurin shekara 5, mai horarwa Jason Servis shekara 4, likitan dabbobi Seth Fishman shekara 11. Dokin Servis, Maximum Security, ya ci gasar Kofin Saudiyya mai kyautar dala miliyan 10 ga na ɗaya kwanaki kaɗan kafin tuhumar. An riƙe kuɗin, kuma sai a 2024 aka soke nasarar aka ba Midnight Bisou. Saboda irin wannan ne hukumomi ke daskarar da samfura su ajiye, don a sake gwada su idan kimiyya ta cim ma masu magudi.

Me ya sa ake gwada dokin da ba ranar tserensa ba ce?

Domin maganin gina tsoka yana fita daga fitsari ya bar amfaninsa a jiki. A Afrilu 2013 jami'an hukumar Birtaniya suka isa wata bargar Godolphin, babban kamfanin dawakin tsere na sarkin Dubai, a Newmarket ba tare da sanarwa ba, suka gwada dawaki 45, 11 suka nuna maganin. Mai horarwa Mahmood Al Zarooni ya samu korar shekara 8. Da ranar tsere aka jira, da wuya a ga komai. Gwajin gashin doki ma yana taimakawa, domin gashi yana riƙe da tarihin watanni.

Shiga barga ba zato yana tona abin da gwaji ba zai taɓa gani ba. A 2019 samame a bargar Darren Weir, mai horarwa a Ostireliya wanda dokinsa ya ci Kofin Melbourne na 2015, ya gano na'urorin da ake jona wa doki lantarki da su. An kore shi shekara 4.

Duk dokin da aka samu da magani, magudi aka yi?

A'a, kuma adalci ne a faɗi haka. A 2014 aka samu mofin, wani maganin kashe zafi, a jikin Estimate, goɗiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuma abinci ne da ya gurɓata. A Oktoba 2020 wani abincin dawaki ya gurɓata da haramtaccen sinadari, har mai horarwa Aidan O'Brien ya janye dawakinsa 4 daga babbar gasar Arc de Triomphe ta Faransa. Dokar ita ce a soke sakamakon dokin ko da ba da gangan ba ne, domin sauran dawakin sun yi takara da abin da ke jikinsa, ba da niyyar mai shi ba. Hukuncin mutum kuwa ya danganta da abin da bincike ya nuna.

Idan wani ne daga waje ya yi wa doki allura, laifin wa?

Mai horarwa ne ke da alhakin dokinsa, sai ya nuna ya yi tsaron da ya kamata. A Oktoba 2018 a filin Tramore na Ayilan, doki mai suna Viking Hoard ya kasa gudu, aka same shi da maganin kasala ninki 100 bisa abin da aka yarda da shi, kuma an zuba kuɗi masu yawa a kan faɗuwarsa. Ba a tabbatar da wanda ya yi allurar ba, ba a kuma samu mai horarwar da hannu a ciki ba, amma an dakatar da lasisinsa wata 6 saboda an bar dokin ba mai gadi na ɗan lokaci. Bargar filin ba ta da kyamara a lokacin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan minti ashirin ce da rashin kyamara.

Me ya sa ake hana mahayi caca, ko da a kan dokinsa ne?

Idan ya saba zuba kuɗi a kan dokinsa, ranar da bai zuba ba ta zama labari ga duk wanda ya lura. Kuma mahayi mai caca yana iya cin bashi, mai bashi kuwa shi ake fara nema. Damien Oliver, ɗaya daga cikin manyan mahayan Ostireliya, ya amsa a 2012 cewa ya zuba dalar Ostireliya 10,000 a kan dokin wani a tseren da shi ma yake ciki, aka dakatar da shi wata 10. Dalili ɗaya ne ya sa ake taƙaita amfani da waya a ɗakin mahaya lokacin tsere, ake kuma hukunta wanda ya sayar da sirrin barga don lada.

Ana cewa wasu na gudu da doki don ya faɗi ba don caca ba. Me suke nema?

Sauƙin nauyi. A tseren daidaita nauyi, dokin da ya fi ƙwazo ana ɗora masa kaya mafi nauyi don a daidaita damar kowa. Mai wayo sai ya fito da dokinsa sau uku ko huɗu bai shirya ba, ko a tazarar da ba tasa ba, ma'auninsa ya sauka, sannan ranar da aka zaɓa a sake shi da nauyi kaɗan da kuɗi a bayansa. Wasu na kiran wannan dabara. Zamba ce, domin duk wanda ya zuba kuɗi a waɗancan tseren na baya ya sayi abin da ba a yi niyyar ba shi ba.

Ana iya magudi ba tare da taɓa doki ko mahayi ba?

An yi a gasar Breeders' Cup ta 2002 a Arlington Park na Amurka, a cacar da ake zaɓen dawakin da za su ci tsere 6 a jere. Wani babban ma'aikacin kwamfuta na kamfanin da ke sarrafa cacar ya canza tikitin abokinsa bayan an gama tsere 4 daga cikin 6, ya sa waɗanda suka riga suka ci, ya kuma zaɓi dukkan dawakin da ke cikin tsere biyu na ƙarshe. Da doki Volponi ya ci na ƙarshe a ninki 43, sai ya zama tikitinsu kaɗai ya ci, sama da dala miliyan 3. Tikiti mai irin wannan siffa ba ya ɓoyuwa. Mutum uku suka tafi gidan yari.

To me zai hana a haramta cacar gaba ɗaya a huta?

Tambaya ce mai nauyi, kuma masu ƙin caca saboda addini ko saboda gidajen da ta rusa suna da hujjarsu. Abin da ya kamata a sani shi ne hana ta a ƙasa ba ya cire tseren ƙasar daga kasuwa. Dokar Saudiyya ta haramta caca, amma ana caca a kan Kofin Saudiyya daga ƙasashen waje. Duk tseren da ake haskawa, wani yana zuba kuɗi a kansa a wani wuri, don haka hukumar da ba ta yarda da caca ba ma dole ta sa ido a kanta.

Mafi haɗari su ne shafukan caca marasa lasisi, waɗanda ba sa tambayar suna, suna ba da bashi, ba sa kuma ba kowace hukuma bayani. Can kuɗin magudi ke gudu idan aka tsananta a kasuwa mai lasisi. Yarjejeniyar Macolin ta Majalisar Turai (Council of Europe), wadda aka buɗe a 2014 ta fara aiki a 2019, an yi ta ne don ƙasashe su riƙa musayar irin waɗannan bayanai kan magudin wasanni.

Su masu sa idon, wa ke sa musu ido?

Nan ne gyara ya fi wuya. Hukumar da aikinta shi ne tallata tsere ba ta son abin kunya, kuma idan ita ce ke bincike, za ta riƙa kama ƙananan masu horarwa tana kau da kai daga manya. Dole masu bincike da ɗakin gwaji da kwamitin hukunci su kasance da 'yancinsu, a kuma wallafa dalilan kowane hukunci don kowa ya karanta. Amurka ta daɗe kowace jiha da dokarta, wanda aka matsa wa a wata jiha ya kwashe dawakinsa ya koma wata. Dokar tarayya ta Disamba 2020 ta kafa hukumar HISA don doka ta zama ɗaya, shirinta na yaƙi da ƙwayoyi ya fara aiki a Mayu 2023, ko da yake wasu jihohi sun ƙalubalance ta a kotu.

Ina aiki a barga, wani ya fara tambayata lafiyar dawaki yana yi mini kyauta. Me zan yi?

Haka ake farawa. Ba wanda zai zo ranar farko ya ce ka tsayar da doki. Zai fara da abota, da 'yar kyauta, da tambayar yaya dokin ya yi atisaye yau. Ranar da ka karɓa ka amsa, ka riga ka karya doka, ya kuma samu abin da zai riƙe ka da shi gobe. Ƙananan mahaya da masu share barga ake nema, domin su ne mafi kusa da doki kuma mafi ƙarancin albashi, kuma hukumar da ke son tsere mai tsabta ya kamata ta duba albashinsu kamar yadda take duba fitsarin dawaki.

Kada ka karɓi komai. Kada ka goge saƙonninsa. Rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa, ka kai wa sashen tsare gaskiya na hukumar da ta ba bargarku lasisi. Manyan hukumomi suna da layin waya na sirri da ba sai ka faɗi sunanka ba, kuma a dokokin da yawa daga cikinsu yin shiru bayan an tunkare ka shi kansa laifi ne. Idan ka riga ka karɓa, ka nemi shawarar ƙungiyar mahaya ko ta ma'aikatan barga ko lauya, ka je da kanka kafin bayanan wayarsa su kawo masu bincike ƙofarka.